Hoton Fure Baƙi-da-Fari: Abin da Ke Saura In An Cire Launi

Duk wanda ya ɗauki hoton jan fure a cikin koren ganye, sannan ya danna wurin da ke mayar da hoto baƙi-da-fari a wayarsa, yawanci abin da ya gani bai burge shi ba. Furen da ɗazu yake ɗaukar ido ya saje da ganyen, duka sun koma toka-toka iri ɗaya, sai an ƙura ido kafin a gane inda fure ya ƙare da inda ganye ya fara. Ba laifin wayar ba ne. Ido da launi yake raba ja da kore, amma yawan hasken da jan fure da ganye mai duhu suke mayarwa kusan ɗaya ne, shi kuwa hoton baƙi-da-fari babu abin da ya sani sai yawan haske. Da zarar launi ya tafi, abin da ya rage wa fure shi ne siffarsa, da laushi ko kaushin jikinsa, da yadda haske ya kwanta a kansa. In waɗannan ba su fito ba tun lokacin ɗauka, gyaran da za a yi daga baya ba zai ƙirƙiro su ba.

Saboda haka aikin yana farawa tun daga zaɓen furen. Furen kuɓewa, alal misali, kamar don wannan aiki aka halicce shi: fatsi-fatsi ne mai haske, tsakiyarsa ja wur har ya yi kusa da baƙi, ga siraran jijiyoyi da suka taso daga ciki zuwa baki. Haka furen yakuwa yake. Bado a kan ruwan kududdufi ya zo da nasa duhun baya. Furen tumfafiya, wanda ba a ko kallonsa a bakin hanya, in aka matso kusa sai a ga tauraro mai kusurwa biyar, kamar an sassaƙa shi. Furen kuka kuwa fari ne ƙato, yana reto kai ƙasa da tuntunsa na siraran zare, sai dai da yamma yake buɗewa domin jemagu ne masu ziyartarsa, kuma kwana ɗaya yake yi ya yi yaushi, don haka sai a yi masa sammako. Furannin da kyansu duka a launi yake, irin jajayen nan da ake shukawa su lulluɓe katangar gida, su ne suka fi ba da wahala, kuma ni dai ba na ba wa mai koyo shawarar ya fara da su.

Wani Bajamushe mai suna Karl Blossfeldt ya nuna iyakar inda siffa kaɗai za ta iya kai hoto. Malami ne a wata makarantar fasaha a Balin, ya yi sama da shekara 30 yana koyarwa, kuma don ɗalibansa yake ɗaukar hotunan tsirrai, domin su koyi tsarin zane daga halitta. Da kyamarar da ya haɗa da hannunsa yake aiki, wadda ke iya ƙara girman abu har ninki 30. A 1928 aka buga hotuna 120 daga cikinsu a littafin Urformen der Kunst, yana da shekara 63, nan take sunansa ya bazu. Dabararsa ba ta da wani ɓoyayyen sirri: tsiro ɗaya, baya fili fetal babu komai, haske mai laushi. Yawancin tsirran ma ciyayin bakin hanya ne. Imogen Cunningham a Amurka ta bi wata hanyar. A hotonta na furen magnoliya na 1925 ta kutsa kyamara har cikin furen, fararen ɓawonsa suka cika hoton gefe zuwa gefe, babu sama babu ƙasa. Ɗaya ya ja baya ya keɓe tsiron, ɗaya ta shige ciki, amma dukansu sun kori duk abin da ba furen ba.

Wannan korar ita ce rabin aikin tsara hoto. Kafin ka danna, bar kallon furen, bi gefunan allon da ido. Reshen da ya leƙo ta kusurwa, farar leda da ke ƙasa, tabon rana a jikin katanga, duk za su ja ido su bar furen, domin a hoton baƙi-da-fari ido yana fara zuwa wurin da ya fi haske ne. Sau da yawa taku ɗaya zuwa hagu, ko durƙusawa, ya isa ya kawar da su. Kuma durƙuson yana da wata riba: hoton da aka ɗauka a tsaye ana kallon fure daga sama kowa ya saba ganinsa, amma daga gefe ko daga ƙasa siffar ƙoƙon furen da lanƙwasar karansa suke fitowa.

Ƙa'idar baya ɗaya ce: fure mai haske a ba shi baya mai duhu, mai duhu a ba shi baya mai haske. Ba sai an sayi komai ba. Tsinko furen ka sa a kwalba, ka ajiye a bakin ƙofar zaure ko ɗaki, kai ka tsaya a waje ta gefe. Hasken waje zai sauka a kan furen, cikin ɗakin kuma ya zama baƙi ƙirin a bayansa. In a gona ne, wani ya riƙe baƙin mayafi a bayan furen, amma ya ja da shi baya kamar kamu biyu, don kada saƙar yadin da tattararsa su fito. Ga fure mai duhu kuwa, sararin sama ranar da aka tashi da hazo farin baya ne na kyauta.

Rana tsaka abokiyar gabar wannan aiki ce. Tana ƙone fararen wurare su zama fari fat babu komai a ciki, tana kuma jefa inuwa mai kaifi da ke yayyanka furen. Hasken safiya, da na la'asar sakaliya, da na ranar da gari ya yi lumshi sun fi. Safiya ta fi su duka, domin iska ba ta taso ba, ga shi furannin kuɓewa da kabewa da safe suke a buɗe. Hasken da ya zo ta gefe shi ke fito da kaushi da ƙananan gashi. Wanda ya zo ta bayan furen kuwa ratsa shi yake yi, jijiyoyin su fito ɗaya bayan ɗaya kamar fitila aka kunna a ciki, kuma a ganina babu hasken da ya kai shi kyau a fure mai sirarin ɓawo. Idan gefe guda ya yi duhu da yawa, a kara farar takarda kusa da shi ta mayar masa da haske kaɗan.

Akwai tarko a nan. Kyamara tana auna haske ne da nufin mayar da hoton gaba ɗaya matsakaicin toka. In ta ga baƙin baya ya cika wuri sai ta ɗauka duhu ya yi yawa, ta ƙara haske, farin furen ya ƙone. Maganinsa shi ne ka taɓa furen a kan allo, ka ja alamar rana da ta bayyana ƙasa har sai jijiyoyin sun dawo. Duhun da ya ɗan yi yawa ana iya ɗago shi wajen gyara, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan. Kada kuma ka manna wayar a jikin furen. Yawancin wayoyi ba sa iya saita abin da ya matso ƙasa da rabin taƙi, sai hoton ya fito dishi-dishi.

Ɗauki hoton da launinsa, ko da baƙi-da-fari kake nufi. Dalili kuwa shi ne a launin nan ikon gyara yake. Lissafin da aka daɗe ana amfani da shi wajen mayar da launi toka yana ba kore kashi 59 cikin ɗari, ja kashi 30, shuɗi kashi 11, ba ruwansa da abin da kake son nunawa. Masu hoton zamanin fim sun san wannan, shi ya sa suke ɗaura gilashi mai launi a idon kyamara: jan gilashi yana haskaka ja ya duhunta kore da shuɗi, koren gilashi kuma ya haskaka ganye ya duhunta jan fure. Yau manhajoji irin su Snapseed da Lightroom suna yin wannan aiki da jan yatsa. Koma ga jan furen nan da ya saje da ganye, ka ɗaga hasken ja, ka sauke na kore da ruwan ɗorawa, sai ka ga furen ya taso daga cikin ganyen. A haɗa da ruwan ɗorawa ne domin koren ganye yana ɗauke da shi da yawa. In wayarka tana ajiye hoto a tsarin RAW, yi amfani da shi: JPEG matakan haske 256 ne yake riƙewa ga kowane launi, RAW kuwa ya ninka haka sau da yawa, shi ya sa yake jure gyara ba tare da laushin ɓawon furen ya farfashe ba.

Bayan nan sai a tsayar da iyaka biyu, wato wurin da zai zama baƙi na gaske da wurin da zai kusa fari. Ansel Adams da Fred Archer, wajajen 1940, sun raba tazarar nan gida 11, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat. Ba lallai ka haddace tsarinsu ba. Abin lura kawai shi ne kyan fure a gidajen tsakiya yake zaune, a tokar nan mai sauyawa a hankali daga bakin ɓawo zuwa cikin ƙoƙo. Mai gaggawa yakan ja tazarar baƙi da fari har ƙarshe don hoton ya yi ƙarfi, sai tokar tsakiya ta mutu, furen ya koma kamar an yanko shi da almakashi.

Gyara mafi daɗi shi ne na wuri-wuri, wanda ya samo asali daga ɗakin wankin hoto, inda mai wanki ke kare haske da hannu daga wani sashen takarda, ya ƙara wa wani. A waya da burushi ake yi. Ƙara haske kaɗan a bakin ɓawon da ke fuskantar rana, ƙara duhu a cikin ƙoƙo da kusurwoyin hoton, sai furen ya yi tudu da kwari. Kamar kwalli ne a ido: kaɗan yana fito da idon, in ya yi yawa kwallin ake gani. Haka ƙara kaifi yake. In ka fara hango siririn farin layi ya zagaye furen, ka wuce gona da iri, koma baya. Ƙura da tabon da ƙwaro ya ci ana iya goge su, ko da yake ni nakan bar ramin ƙwaro ɗaya ko biyu, domin furen da babu aibu ko kaɗan yakan yi kama da na roba.

In ka gama, ajiye wayar na ɗan lokaci ka dawo, domin ido yana sabawa da gyara mai yawa har ya daina ganinsa. Wajen turawa ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi, baƙin bayan ya fito da dabbare-dabbare. In kuma bugawa za a yi, a tuna allo haske yake fitarwa, takarda kuwa mayarwa take yi, don haka hoton yakan fito da duhu fiye da yadda aka gan shi. A ɗan ƙara masa haske, a fara buga ƙarami a gani, sannan a gaya wa mai bugawa kada ya bar injinsa ya yi wa hoton gyaran kansa, domin yakan sa masa shuɗi-shuɗi ko kore-kore.