Rage Iskar Taya Domin Shiga Gona, Fadama da Rairayi

Gabatarwa

Da zarar damina ta kankama, hanyoyin shiga gonaki da fadamu, musamman na gaɓar kogin Neja da Binuwai, sukan koma taɓo. Da rani kuma rairayi ne ke riƙe motoci. Mota mai kai taki ko iri takan kafe, a yi hasarar yini guda da mai, wani lokaci har shuka ta makara. Ɗaya daga cikin hanyoyin rage wannan matsala ita ce rage iskar taya kafin a shiga wurin. Amma dabarar tana da iyaka, domin in aka zarce, taya na iya fita daga kan wili. Wannan takarda ta yi bayanin yadda za a yi aikin da wili irin na yau da kullum, wanda ke jikin a-kori-kura da taraktocin da manoma ke amfani da su.

Amfanin rage iska

Iskar da ke cikin taya ita ce ke ɗauke da nauyin mota. Ana auna ƙarfinta da geji, a ma'aunin PSI ko bar, kuma bar 1 daidai yake da PSI 14.5. Idan aka rage iska, taya takan kwanta, sawunta a ƙasa ya ƙara tsawo, nauyi ya bazu a wuri mai faɗi.

Ga misali. A-kori-kura mai nauyin kilo 2,400 tare da kayanta, kowace ƙafa tana ɗauke da kimanin kilo 600. A kan PSI 35, sawun tayar a ƙiyasce bai wuce murabba'in santimita 250 ba. Idan aka sauke zuwa PSI 18, sawun yakan kusa ninkawa. Ta haka mota ke daina nitsewa, ƙwayar taya kuma ta sami wurin kamawa.

A cikin gona akwai ƙarin amfani. Taya mai iska da yawa tana danne ƙasar sama ta daskare, ruwa ya kasa shiga, saiwa ta kasa ratsawa. Sai dai a lura, daskarewar ƙasa ta can ciki nauyin injin ne ke jawo ta, rage iska ba ya hana ta. Saboda haka kada a shiga gona da kaya masu nauyi alhali ƙasa tana jiƙe sharkaf.

Abin da ke riƙe taya a kan wili

A gefen ciki na kowace taya akwai baki mai ƙarfi wanda aka zuba wayar ƙarfe a cikinsa. Ƙarfin iska ne ke tura wannan baki ya manne da leɓen wili. Wilin tayar da ba ta da tub yana kuma da ɗan tudu daga ciki wanda ke tare bakin. Akwai wani wili na musamman da ake kira bidlok, mai zoben ƙarfe da kusoshi da ke matse bakin taya ko da iska ta yi ƙasa ƙwarai. Wannan yana da tsada, kuma ba a saba ganinsa a motocin gona ba. Saboda haka wanda ke da wili na yau da kullum dole ya bar isasshiyar iska. In ta yi kaɗan, abubuwa uku kan faru:

1. Bakin taya ya zame daga wili, iska ta fice gaba ɗaya. Wannan ya fi faruwa a ƙafar gaba lokacin shan kwana.
2. Wili ya riƙa juyawa a cikin taya. In akwai tub, bawul ɗinsa ya tsinke.
3. Gefen taya ya kumbura waje, kututture ko dutse ya yanke shi. Yankan gefe ba ya yin faci mai aminci.

Yawan iskar da ya dace da a-kori-kura

Da farko a duba awon da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. A yawancin irin waɗannan motoci yana tsakanin PSI 30 da 35, kuma yakan ƙaru a ƙafafun baya idan an yi lodi. Ga mota marar kaya mai yawa, ana iya bin wannan jagora:

- Hanyar burji ko tsakuwa: PSI 26 zuwa 28.
- Taɓo da laka: PSI 20 zuwa 25.
- Rairayi mai laushi: PSI 16 zuwa 20.

Kada a sauka ƙasa da PSI 15, sai dai in mota ta riga ta kafe. A wannan hali ana iya saukewa zuwa 12, a fito a miƙe ba tare da murɗa sitiyari ba, sannan a ƙara iska nan take.

Rage iska yana rage nauyin da taya za ta iya ɗauka. Motar da aka loda wa buhu 15 na taki, wato kilo 750, kada a rage iskar ƙafafunta na baya ƙasa da PSI 25. In wurin ya fi ƙarfin haka, a rage kayan a yi sawu biyu. Taya mai gajeren gefe, irin ta ƙananan motoci, ba ta dace da wannan dabara ba.

Yadda ake yin aikin

1. A tanadi geji mai kyau, da famfo na ƙafa ko na batir, da jak, da katakon ɗora jak, da shebur, da safaya mai iska. Wanda ba shi da abin mayar da iska kada ya rage ta.
2. A tsaya a wuri mai tauri kafin a shiga taɓo ko rairayi.
3. A danna allurar bawul kaɗan-kaɗan, ana yi ana aunawa. Ido ba ya iya gane yawan iskar taya.
4. Ƙafar dama da ta hagu su zama daidai.
5. A mayar da murfin bawul don kada laka ta shiga.
6. A yi tafiya da ƙaramar giya, ba tare da fizga ko taka birki da ƙarfi ba. A sha kwana a hankali kuma da faɗi. Idan iska ta gaza PSI 20, kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa.
7. A tuna cewa cikin mota ya ɗan matso ƙasa, don haka a kula da duwatsu da kututture.
8. Da an fito, a mayar da iska kafin a hau kwalta.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Taya marar isasshiyar iska tana lanƙwasa a kowane juyi, ta ɗau zafi, zarenta ya saki, ta fashe a kan gudu. Haka kuma taya mai zafi takan nuna awo sama da na gaskiya, don haka a sake aunawa da safe kafin mota ta motsa.

Tayar tarakta

Tayoyin baya na tarakta iri biyu ne, kuma ana gane su daga rubutun jikinsu. Mai rubutu kamar 16.9-30 ita ce mai zare a gicciye, wadda bai kamata iskarta ta gaza PSI 12 ba. Mai harafin R, kamar 16.9R30, ita ce radiyal, wadda ke jure ƙarancin iska fiye da haka, gwargwadon jadawalin nauyi na kamfanin da ya yi ta. Garma ko haro da aka rataya a baya yana ƙara wa ƙafafun baya nauyi idan an ɗaga shi, don haka a lissafa da shi. Lokacin huɗa, ƙafar da ke bin cikin kwari ta fi ɗaukar nauyi, ana ƙara mata PSI 4 in mai zare a gicciye ce. Idan aka ga gefen taya yana tattarewa yayin ja, iska ta yi kaɗan.

Malamin gona zai iya gwada santsin taya tare da direba. A sa alama da alli a tayar baya, a auna nisan da tarakta ta yi a juyi 10 garma na ɗage, a sake aunawa garma na cikin ƙasa. In na farko mita 45 ne, na biyu mita 39, bambancin mita 6 ne, wato kashi 13 cikin 100. Ga tarakta mai ja da ƙafafun baya kawai, abin da ake so shi ne kashi 10 zuwa 15. In ya haura haka, ana ƙona mai a banza, taya kuma tana cinyewa. Sai a gyara iska, ko a ƙara nauyi, ko a rage zurfin garma.

Idan taya ta fita daga wili

A tsaya nan take, a ɗaga ƙafar da jak, a sa safaya. A kai tayar wurin mai faci ya wanke bakinta da leɓen wili, ya shafa ruwan sabulu, sannan ya hura. Kada a wuce PSI 40 wajen zaunar da bakin tayar mota, ko PSI 35 ga ta tarakta, kuma kada kowa ya tsaya a kanta. An hana zuba fetur a kyasta ashana domin zaunar da taya, saboda yana iya fasa ta ya hallaka mutum.

Kammalawa

Tsohuwar taya mai tsagewa a gefe ba ta jure lanƙwasa. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Misali 2419 na nufin mako na 24 na shekarar 2019. A duba wannan kafin a sayi taya, musamman ta gwanjo. Ana shawartar malaman gona su nuna wa direbobi da ƙungiyoyin manoma yadda ake amfani da geji kafin faɗuwar damina, su kuma tabbatar kowace mota da tarakta tana da geji da famfo a cikinta.