Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Tace Bayanan Karon Ƙwayoyin Zarra

A kan iyakar Suwizalan da Faransa, kusa da birnin Jeniba, akwai cibiyar bincike ta CERN wadda aka kafa a 1954. A can ne aka haƙa wani rami mai siffar zobe, mai zagayen kilomita 27, kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, aka girka na'urar LHC wadda ta fara aiki a 2008. Aikinta shi ne ta kora ƙwayoyin furoton, waɗanda ke cikin cibiyar ƙwayar zarra, har gudunsu ya kusa kai na haske, sannan ta gwara su da juna domin masana su ga abin da zai fito. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kusan duk bayanan da wannan karo ke haifarwa zubar da su ake yi nan take, kuma da gangan.

Me ya sa ake zubarwa?

Dalilin shi ne yawa. Ƙwayoyin na tafiya ne dami-dami, kuma dammunan kan haɗu har sau miliyan 40 a sakan guda a tsakiyar manyan na'urorin gani irin su ATLAS da CMS. A kowace haɗuwa ana samun karo gommai. Bayanin haɗuwa guda ya kai kimanin megabait ɗaya, wato a sakan guda za a tara abin da zai cika wayoyi sama da 600 masu gigabait 64. Babu rumbun ajiyar da zai iya ɗaukar wannan.

Bayan haka, galibin karon ba ya ɗauke da wani sabon abu. Ƙwayar Higgs, wadda aka yi hasashenta tun 1964 amma ba a tabbatar da ita ba sai ranar 4 ga Yuli, 2012, takan fito ne sau ɗaya cikin fiye da biliyan na karo, kuma nan take take rikiɗewa zuwa wasu ƙwayoyi.

Yaya ake tacewar?

Tsarin da ke wannan aiki ana kiransa tiriga, kuma a ATLAS da CMS mataki biyu ne. Na farko allunan lantarki ne na musamman da aka ajiye daf da na'urar. Ba sa duba komai da komai, alamu kaɗan suke nema: shin an ga ƙwayar miyon mai ƙarfi? Shin an ga hasken da ƙarfinsa ya wuce wani ma'auni? Cikin ƙasa da kashi biyar cikin miliyan na sakan suke yanke hukunci, yayin da cikakken bayanin ke jira a ma'ajiyar wucin gadi. Daga miliyan 40, kimanin 100,000 ne ke tsallakewa a sakan.

Mataki na biyu ɗaki ne cike da dubban kwamfutoci. Su ne ke sake zana hanyar da kowace ƙwaya ta bi, su auna ƙarfinta da kyau, su rage adadin zuwa 'yan dubbai kaɗan a sakan. Waɗannan ne kawai ake adanawa, a rarraba wa cibiyoyin kwamfuta na ƙasashe daban-daban.

Ina haɗarin yake?

Duk wanda ya ga ana shiƙar gero a Gwaram ko Birnin Kudu bayan sussuka ya san hikimar: iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta zauna. Sai dai mai shiƙa na iya komawa ta tona tarin ƙaiƙayin idan ta ga tsaba ta bi iska. Masanin fiziks ba shi da wannan dama. Abin da tiriga ta ƙi ya tafi har abada. Idan aka tsara ta ta nemi abin da aka riga aka yi zato kaɗai, sabon abin da ba wanda ya taɓa tunaninsa na iya wucewa ba a sani ba.

Shi ya sa ake taka-tsantsan. Ana ajiye wani kaso na karon da aka ɗebo ba tare da zaɓe ba, domin a auna ko ma'aunin na zubar da abu mai amfani. Ana tafka muhawara kan jerin sharuɗɗan tirigar kafin a amince da su. A CMS an soma amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen tsinto karon da ya saɓa wa saura, ko da ba a san dalili ba. Gwajin LHCb kuwa, wanda shi ma yake kan LHC, daga 2022 ya jingine matakin allunan, yana karanta kowace haɗuwa da manhaja kai tsaye. Aikin zai ƙara tsanani wajen 2030, lokacin da ake shirin ƙara wa LHC ƙarfi har karon kowace haɗuwa ya kai 140 zuwa 200.

Me ya shafe mu?

Wannan fage ba na masu nazarin zarra kaɗai ba ne. Yana buƙatar masu lissafi, masu harhaɗa lantarki da masu rubuta manhaja, kuma a cibiyar CERN ce Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989 domin masana su riƙa musayar bayanai. Tun 2014 CERN ke sakin wani ɓangare na bayanan da aka tace kyauta ga kowa. Ɗalibin kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko malamin fiziks a wata sakandare a Birnin Kudu, in yana da kwamfuta da intanet, zai iya sauke su ya yi nazari. Ya kamata malamanmu su nuna wa yara wannan ƙofa, su kuma koya musu darasin da ke cikinta: kafin ka yi watsi da wani bayani, ka san dalilinka, kuma ka tanadi hanyar gane ko ka yi kuskure.