Mura Mai Zafi: Mu Tsare Gidajenmu Kafin Hunturu

A ƙasarmu ta Dambatta, Bichi da Kunci, gida na kusa da gida, gona na jikin gona. Wannan albarka ce, amma ita ce kuma ke sa ciwo saurin zagawa. Da hunturu ya shigo, an kai dawa rumbu, sai mu toshe tagogi, mu hura wuta a ɗaki, mu kwana a cunkushe. Mutum ɗaya ya yi atishawa, kowa ya shaƙa.

Mun saba cewa "ai mura ce kawai." Amma akwai mura mai zafi, wadda likitoci ke kira infuluwenza. Takan zo farat ɗaya da zazzaɓi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi da busasshen tari. Ita ce kakanninmu suka kira Marisuwa, wadda ta sauka Legas a 1918, ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano, ta cika makabartu. Ko yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta takan kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara. Waɗanda ta fi kayarwa su ne ƙananan yara, tsofaffi, masu juna biyu, da masu asma ko ciwon sukari.

Akwai allurar rigakafinta. Ƙwayar cutar tana sake kama, shi ya sa ake sabunta allurar kowace shekara. Ana yi wa mutum tun daga wata 6 da haihuwa, takan kuma ɗauki mako 2 kafin ta soma aiki. Ba ta cikin alluran kyauta na yara, saboda haka mai tsoho ko majiyyaci a gida ya tambayi likita inda za a samu. Amma allurar ciwon huhu kyauta ce a asibitin gwamnati, a mako 6, 10 da 14 bayan haihuwa. Ciwon huhu kuwa shi ne yakan biyo bayan mura ya ɗauke yaro. Iyaye mata, a duba katin awo.

Sauran aikin a hannunmu yake:

1. Mu wanke hannu da sabulu, ana zuba ruwa daga buta. Kada duk gida su tsoma hannu a kwano ɗaya kafin tuwo.
2. Mu yi tari a lanƙwasar hannu, ba a tafin da za mu gaisa da shi ba.
3. Mai ciwo ya sami mazubin ruwansa shi kaɗai.
4. Mu buɗe taga da rana, mu rage hayaƙi.
5. Kada mu sayi kafso barkatai, ba ya kashe ƙwayar mura. Kada kuma a ba yaro asfirin.

In yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 yana numfashi sau 40 ko fiye a minti ɗaya, ko haƙarƙarinsa na shiga ciki, ko ya kasa shan ruwa, a kai shi asibiti a ranar.

Ga abin da ya fi yi mana wuya. Lokacin Kirsimeti majami'a takan cika, ba mai son a rasa shi a zumunta ko ƙungiyar mawaƙa. Amma mai zazzaɓi da ya zauna gida ranar Lahadi bai yi rashin bangaskiya ba. Ya tsare jaririn maƙwabcinsa ne, da tsohuwar da ke zama a bencin gaba. Haka yaro mai zazzaɓi ya huta daga makaranta. Dattawan ekklisiya su kai musu addu'a da kunu har ƙofar ɗaki. Wannan ma ƙauna ce. Allah ya kai mu bazara lafiya.