Ko Kun Sani?

Wasan macijin nan na cikin wayar Nokia, wanda mu yaran Ikara da Makarfi da Kudan muka riƙa roƙon yayyenmu aron waya dominsa bayan sallar isha'i, a shekarun da suka biyo bayan shigowar salula Nijeriya a 2001, wani injiniya ne mutumin ƙasar Finland, Taneli Armanto, ya tsara shi a 1997. Hikimar al'amarin kuwa, duk lomar da macijin ya haɗiye sai jelarsa ta ƙara tsawo, fili ya ƙara ƙunci, har jikinsa ya zame masa babban abokin gaba. Da lambobin 2, 4, 6 da 8 muke juya shi, babban yatsa na zogi, alhali zuciya ba ta ƙoshi ba.