Waƙa a Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi: Matasan Treichville da Adjamé da Aikin Fim

Gabatarwa

Abijan shi ne birni mafi girma a ƙasar Kwaddibuwa. Daga cikin unguwanninsa akwai biyu da baƙi suka fi sani, wato Treichville da Adjamé. Treichville tana kudu da tsakiyar birni, a ƙetaren tafkin Ebrié, kusa da tashar jiragen ruwa. Ita kuwa Adjamé tana arewa, kuma a nan ne manyan tashoshin mota da kasuwanni suke. Tun zamanin mulkin Faransa mutanen Nijar da Mali da Burkina Faso da Nijeriya suke sauka a waɗannan unguwanni don fatauci ko ci-rani, cikinsu har da Hausawa da Zabarmawa. Har ma ana cewa abincin nan na garin rogo da soyayyen kifi da ake kira garba a Abijan ya samo sunansa ne daga 'yan Nijar masu sayar da shi.

An daɗe ana ba da labarin matasan waɗannan unguwanni a jarida da rediyo, amma galibi wasu ne suke magana a madadinsu. Wannan darasi zai duba yadda aka fara ba su dama su faɗi labarinsu da bakinsu, da kuma inda aka kwana a yau.

Fim ɗin Treichville

Bayan da aka buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, manyan jiragen ruwa suka fara shigowa har cikin tafkin Abijan. Aikin dako ya samu, samari suka yi ta kwararowa daga arewa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Oumarou Ganda, Bazabarme, wanda aka haifa a Yamai a 1935. Tun yana yaro ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙi a yankin da ƙasar Biyetnam take a yanzu. Da ya dawo gida bai sami aikin yi ba, sai ya gangara Abijan ya kama dako a tashar jiragen ruwa.

A can ne ya haɗu da Jean Rouch, wani Bafaranshe mai binciken al'adu wanda ya daɗe yana aiki a Nijar, kuma a lokacin yana nazarin rayuwar 'yan ci-rani. A 1957 Rouch ya shiga bin Ganda da abokansa da ƙaramar kyamara, yana ɗaukar su a wurin aiki, da gidan rawa, da bakin teku, da wurin dambe. Ba a rubuta musu abin da za su yi ba. Wasu daga cikinsu sun fito da sunayen taurarin silima: Ganda ya zama Edward G. Robinson, abokinsa Petit Touré ya zama Eddie Constantine.

Kyamarar Rouch irin wadda ake wanawa da hannu ce. Ba ta ɗaukar murya, kuma ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi sai an sake wana ta. Wannan rashi shi ne ya zama alheri. Bayan an harhaɗa hotunan, sai aka zaunar da Ganda a gaban makirfo, yana kallon kansa a majigi yana magana da Faransanci yadda ta zo masa. Ya yi maganar gajiyar dako, da ƙarancin kuɗi, da burinsa na zama zakaran dambe, da abin da ya gani a fagen yaƙi. Fim ɗin ya fito a 1958 da sunan Moi, un noir, ma'ana "Ni, baƙar fata", ya kuma ci kyautar Louis Delluc a Faransa.

Muryar wa, hannun wa?

Fim ɗin ya yi suna, amma bai tsira daga suka ba. Muryar ta Ganda ce, sai dai kyamara tana hannun Rouch. Shi ne ya zaɓi abin da za a bari da abin da za a yanke, kuma sunansa ne a kan fim ɗin. Ousmane Sembène na Senegal ya taɓa zargin Rouch da sauran Turawa masu irin wannan aiki da cewa suna kallon 'yan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari.

Ganda bai tsaya a matsayin ɗan wasa ba. Ya koma Yamai ya koyi aikin fim, sannan ya shirya nasa mai suna Cabascabo, labarin tsohon soja da ya dawo daga yaƙi ya ɓarnatar da kuɗinsa, abokai suka watse suka bar shi. An nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a 1969. A 1972 wani fim nasa, Le Wazzou polygame, ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu, kuma shi ne mutum na farko da aka ba wannan kyauta. Ya rasu a 1981. A yau akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai, akwai kuma kyauta mai sunansa da FESPACO take ba wanda fim ɗinsa na farko ya yi fice.

Darasin da ke cikin tarihin Ganda shi ne taimakon matashi mataki-mataki ne. Na farko a saurare shi. Na biyu a koya masa riƙe kyamara. Na uku a bar masa ikon yankewa da haɗa hotuna. Na huɗu a sama masa inda za a nuna aikinsa. Idan aka tsaya a mataki na farko, to labarin nasa ne, amma riba da suna na wani ne.

Zamanin talabijin

An buɗe gidan talabijin na ƙasar Kwaddibuwa, RTI, a 1963, kuma ya shafe shekaru masu yawa shi kaɗai ne a fage. Wasannin kwaikwayo irin su Ma famille na Akissi Delta, wanda aka fara a 2002, sun shigar da yaren titi da rigingimun cikin gida a akwatin talabijin, har aka riƙa kallonsu a ƙasashe maƙwabta. Haka kuma gasar Clap Ivoire da ake yi a Abijan tana karɓar gajerun fina-finai na matasa daga ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA, ciki har da Nijar.

Bayan rikicin zaɓe na 2010 zuwa 2011, gungun yara masu ƙwace da wuƙa suka addabi unguwanni irin su Abobo da Adjamé. Jama'a suka laƙaba musu suna "microbes", wato ƙwayoyin cuta. A 2018 tashar Canal+ ta nuna wani shiri mai suna Invisibles na darakta Alex Ogou, wanda ya bi labarin daga ɓangaren yaran, ya nuna yadda talauci da rushewar iyali suke jefa yaro cikin daba. Shirin bai wanke laifinsu ba, amma ya sa mai kallo ya gan su a matsayin 'ya'yan mutane.

Zamanin wayar hannu

Abin da ya gagari Ganda a 1957 yanzu yana cikin aljihun ɗan dako. A Adjamé ana sayar da sabuwar waya da ta hannu, ana kuma gyara wadda ta lalace. Waya guda tana ɗaukar hoto da murya tare, ana haɗa fim a cikinta, a ɗora shi a Facebook ko YouTube ko TikTok ba tare da neman izinin gidan talabijin ba. A ƙasar Hausa ma an ga misali: wasu samari a Kaduna da ake kira The Critics sun yi suna a duniya a 2019 saboda gajerun fina-finan da suka shirya da waya mai fasasshen gilashi.

Sai dai samun kyamara bai kawar da dukkan matsaloli ba. Tsara labari sai an koya. Ɗaukar murya mai kyau a cikin hayaniyar tashar mota aiki ne mai wuya. Kuɗin intanet yana da nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi. Ga kuma batun haƙƙi: wanda aka ɗauka a kasuwa, musamman yaro ko baƙon da ba shi da cikakkun takardu, hotonsa yana iya jawo masa fitina idan aka yaɗa shi ba da yardarsa ba.

Kammalawa

Daga kyamarar Rouch zuwa wayar hannu kayan aiki sun canza ƙwarai, amma tambayoyin ba su canza ba: wa yake magana, wa yake yanke hoto, wa yake cin moriyar aikin? Hausawa suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk shirin da zai taimaki matasan Treichville da Adjamé, ana auna shi ne da yawan ikon da ya bari a hannunsu.

Tambayoyi

1. Me ya kai Oumarou Ganda Abijan?
2. Ta yaya aka sa murya a fim ɗin Moi, un noir?
3. Mene ne dalilin sukar da Sembène ya yi wa Rouch?
4. Waɗanne matsaloli ne wayar hannu ba ta magance ba?