Buji Ma Yana Da Lambar Ƙafarsa

Idan sallah ta matso a Dakoro, magidanci ba ya shiga kasuwa sayen takalman yara sai ya auna ƙafar kowannensu da tsinke, ya jefa a aljihu. Ya san takalmi komai kyansa, in ya matse ƙafa ya zama azaba, in ya yi sako-sako a hanya za a yar da shi. Amma ran da babur ɗinsa ko injin ban ruwansa ya ƙi tashi, sai ya miƙa wa yaro kuɗi ya ce, "Maza sayo buji." Wane iri? Oho.

Alhali wannan ɗan ƙarfen da ke kunna fetur da tartsatsi, shi ma awo gare shi. Ƙananan babura masu inji 110 galibi C7HSA suke sha, mai kaurin milimita 10. Masu inji 125 da 'yan kabu-kabu ke hawa, yawancinsu D8EA ne, milimita 12. Injin Honda GX160, da ire-irensa da ke jan ruwa ko ba da wuta, BPR6ES yake so, milimita 14. Bayan kauri akwai tsawo. In buji ya zarce, fistin na iya dukan bakinsa. In ya gaza, tartsatsin ya maƙale cikin rami, baƙi ya cike haƙoran murɗawa. Mota mai shan gazuwal kuwa ba ruwanta da wannan buji, matsin iska ke kunna ta.

Sai batun zafi. Takalmin da ya dace da daɓen masallaci ba shi ne na taka rairayin Tarka da tsakar rana a watan Afrilu ba. Haka shi ma buji, bakinsa yana son zafi tsakanin digiri 500 da 800. In bai kai ba, baƙi ya taru ya shaƙe shi. In ya wuce, mai ya kama kafin lokacinsa, har fistin ya huje. Lambar da ke tsakiyar sunan buji ita ke nuna saurin zubar da zafinsa. A wurin NGK da Denso na Japan, babbar lamba na nufin buji mai saurin zubar da zafi, a wurin Bosch da Champion kuma akasin haka ne. Don haka 6 ɗin wannan kamfani ba 6 ɗin wancan ba ne.

Baduku yana duban cinyewar dunduniya ya gane tafiyar mai takalmi. Haka makanikin kirki yake karanta tsohon buji. Ruwan ƙasa-ƙasa, inji lafiya lau. Baƙi busasshe, mai ya yi yawa, ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. Baƙi mai maiƙo, zoben fistin ya ci. Fari fat, zafi ya wuce kima. Wanda ya sa sabo bai gyara musabbabin ba, mako mai zuwa zai koma shago.

Buji mai bakin iridiyam yana iya kai kilomita 100,000 a motar zamani, amma a ƙaramin janareta asarar kuɗi ne, na gama-gari ya wadatar. A kuma yi hattara da jabu, don kwalinsa ya fi aikinsa kyau. Arha ba ta ado.

Saboda haka, ɗan'uwa, in za ka sayi buji, tafi da tsohon a aljihu, ka gwada lambarsa da ta littafin injin. Ka tabbata tazarar bakinsa daidai take, milimita 0.7 zuwa 0.8 ga irin GX160. Bari inji ya huce, ka fara murɗawa da hannu har ya zauna, sannan ka ƙarasa da sifana ba tare da nuna ƙarfi ba.