Cika-Ciki: Tukunya a Matsayin Ma'ajiyar Tarihi

Abincin biki ba don ƙoshi kaɗai ake dafa shi ba. Ma'ajiya ce da al'umma ke adana tarihinta a ciki. Mu ɗauki Cika-Ciki misali.

A daren 10 ga watan Muharram, matan gida a Birnin Kebbi da Argungu, kamar sauran ƙasar Hausa, kan tuƙa tuwo mai yawa, galibi na shinkafar fadamar Rima. A cikin miya akan saka jelar ragon layya, wadda aka busar aka adana tun Babbar Salla, wata guda ke nan. Ta haka jelar ke ƙulla tsohuwar shekara da sabuwa. Kowa ya ci ya ƙoshi, a kai wa maƙwabta, a ba almajirai, kashegari a tashi da azumin Ashura.

Hadisi ya nuna cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya tarar da Yahudawan Madina suna azumtar wannan rana, don tunawa da kuɓutar Annabi Musa daga Fir'auna. Har yau Yahudawa kan tuna da fitarsu daga Masar ta hanyar abincin gida. A Idin Ƙetarewa sukan ci gurasa marar yisti, alamar gaggawar tafiya, da ganye mai ɗaci, alamar ɗacin bauta. Ƙaramin yaron gida shi ke tambayar dalili, manya su warware masa.

To, a nan ne ya kamata mu yi wa kanmu hisabi. Matuƙar yaranmu na cin jelar nan ba tare da an faɗa musu dalilinta ba, za su gaji tuwon, amma tarihin zai bi kakanni kushewa.